Ragowar Masarar Otilia

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Cholula zuwa Puebla a shekarun baya, da wuya a ce bai zauna a bayan Don Melitón Cuautle ba. Gajere ne mai ƙaton gashin baki, ga baƙar mita. Ya yi wa fasinja, ya yi wa ramukan titi, ya yi wa gwamnati, in duk ya rasa sai ya koma kan motar da ke ci da shi. Amma a faɗi gaskiya, ba a taɓa jin ya buge ko kare ba, kuma tsofaffi sun san in suka ɗaga hannu zai tsaya musu ko da ba tasha ba ce. Da gwiwa ta fara ƙi, ido ya fara gani dishi-dishi, sai ya ajiye tuƙi ya tare a kujerar ƙofar gida, ya juyo da mitar kan matarsa, Doña Otilia.

Ita kuwa ko a jikinta. Tun tana budurwa ya auro ta daga ƙauyensu can gindin dutsen Malinche, inda mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa. Ta haifa masa uku, ta binne biyu, Allah ya bar musu mace ɗaya, Yesenia. Ba ta da yawan magana. In ya cika ta da surutu sai ta ce, "To, tsoho, na ji," ta ci gaba da abin da take yi. A unguwar kaf da abu guda aka san ta, wato tamal. Ba ta sayarwa, ba kuma kowa take yi wa ba. Amma biki ne ko baftisma ko rasuwa, in aka ji Otilia ce ta ɗora madambaci, har waɗanda ba a gayyata ba sai sun sami dalilin leƙowa. Nata ba fari ba ne irin na kowa. In ka warware ɓawon masarar da aka naɗe shi ciki, shuɗi za ka gani mai duhu, da jar miyar mole a tsakiya. Melitón yakan yi taƙama da shi a tasha sai ka ce shi ya yi, alhali ko inda ake rataye ludayi a gidan bai sani ba. Irin mazan zamaninsu ne, masu zaton abinci da ƙafarsa yake hawowa kan tebur.

A bana, ranar shida ga Janairu, aka taru a gidan Doña Prisca cin burodin Sarakuna. Prisca ce ta riƙe Yesenia a wajen baftisma, don haka komadre ce, kuma komadre mai baki. Aka yayyanka burodin, kowa yana latsa nasa a hankali yana fatan kada ɗan tsanan robar da ke ɓoye a ciki ya faɗo a rabonsa, don wanda ya same shi shi zai ciyar da jama'a tamal ranar Kandelariya, biyu ga Fabrairu. Akwai marowatan da ake zargin haɗiye shi suke yi. A bakin Otilia ya fito. Ɗaki ya kaure da tafi, Prisca ta ce ai da gangan ta tura mata wannan yankan, ta gaji da cin tamal ɗin 'yan koyo. Otilia ta goge ɗan tsanan da gefen mayafinta, ta sa a aljihun rigar girkinta, ta ce kowa ya zo da yunwarsa.

Ba a rufa mako ba ta faɗi a tsakar gida tana shanya. Maƙwabciya ce ta hango ta ta saman katanga. Melitón yana shagon aski a lokacin, ana musun ƙwallo. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Aka yi jana'iza, aka yi addu'ar kwana tara, Yesenia ta koma bakin aikinta a Monterrey tana kuka tana roƙonsa ya biyo ta. Ya ƙi. Gida ya yi tsit. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa sai ga shi yana wuni bai ce uffan ba, don babu mai ce masa ta ji. Rashin ya doke shi fiye da yadda kowa ya zata, har shi kansa. Wata rana da hantsi ya sauko da rigar girkinta daga ƙusa don ya adana, sai ɗan tsanan ya faɗo ƙasa. Ya daɗe a tsaye yana kallonsa, sannan ya ɗauki hularsa ya nufi gidan Prisca.

Prisca ta ce ya bar maganar nan, babu mai hankalin da zai jira tamal daga gidan makoki, kuma in ma abin ya dame shi a sayo na kasuwa a raba, shi ke nan.

"Ta ce kowa ya zo da yunwarsa," in ji shi. "Otilia ba ta taɓa cewa za ta yi abu ta kasa ba. Ba kuwa za a fara yanzu da ba ta da bakin kare kanta ba. Nata za a ci, komadre, ba na kasuwa ba."

Prisca ta share hawaye da bayan hannu, ta ce to ta ji. Miyar mole ta iya, naɗi ta iya, ta sha taya Otilia. Amma sirrin ba a nan yake ba, a ƙullun masarar yake. Ta ce ya je inda Otilia ke samo ƙullu ya sayo, saura kuma ya bar mata. Sai ta ga ya yi zuru.

"Kompadre, kada dai ka ce min ba ka san inda matarka ke zuwa da bokiti ba? Shekara arba'in da ɗoriya?"

Bai sani ba. Abin da ya sani shi ne tana fita da safe da koren bokiti a lulluɓe, ta dawo da shi a lulluɓe. Ita ma Priscar da ke masa tsiya, da ya mayar mata da tambayar sai ta kama kame-kame, wai ai kullum in ta zo ƙullu ya riga ya iso.

Haka Don Melitón ya ɗauki koren bokiti ya shiga gari. Ya fara da shagon tortiya, wato wainar masara, na bakin layinsu, inda aka cika masa leda ba tare da an ɗago an dube shi ba. Prisca ta ɗan mutsuka tsakanin yatsu biyu, ta ce wannan garin kamfani ne aka kwaɓa da ruwa, ko alade sai ya yi tunani kafin ya ci. Washegari ya tafi babbar kasuwa. A motar da ya shiga, kan hanyar da ya yi rabin rayuwarsa yana bi, direban bai san shi ba, ya ce masa, "Kaka, janye bokitin nan daga hanya." Ya janye. A kasuwa ya sami wata mai sayar da ƙullun tamal na gaske, mai ɗan tsaki-tsaki, har da shuɗi. Ya dawo yana ganin ya gama. Prisca ta sansana, ta ɗanɗana a kan harshe, ta ce ba laifi, da wata ce ta yi alkawarin da ya wadatar, amma ba shi ba ne. Ran Melitón ya ɓaci, ya ce ita dai ba a iya mata. Ta ce in ya ga dama a yi da wannan ɗin, ba wanda zai ce komai. Ya ce ba za a yi ba.

Ya yi kwanaki yana wannan yawo, gwiwa na ciwo, Kandelariya na matsowa. Ya shiga lungunan da a da ta gilashin mota kawai yake hango su. Wasu su yi masa kwatance, wasu su yi masa dariya. A ƙarshe ba tambaya ce ta fisshe shi ba, bokitin ne. Ya tsaya sayen busasshen ɓawon masara wajen wata tsohuwa a gefen kasuwa, sai ta ƙura wa hannun bokitin ido, inda aka ɗaure shi da waya, ta ce ai wannan na Doña Oti ne. Ya ce nata ne. Ta ce to me yake yi da shi a nan, alhali injin Doña Nicanora yana can tsallaken layin dogo, bayan ƙaramin coci? Sannan ta tambaye shi ya jikin Doña Oti ɗin, kwana biyu ba ta gan ta ba. Ya ce tana nan, ya ɗauki ɓawonsa ya yi gaba da sauri.

Da sassafe ya tsallaka layin dogo. Tun daga nesa ya jiyo ƙarar injin. Ɗaki ne ɗaya mai rufin kwano, bokitai a jere daga ƙofa har bakin titi, masu su na tsaye a gefe suna hira da ƙarfi don su ji juna. Da suka ga namiji da bokiti sai suka samu abin yi. Wata ta ce yau kuma uwargida yaji ta yi? Wata ta ce a ba shi hanya, ango ne, amarya ba ta iya tashin safe ba. Ya sunkuyar da kai ya ajiye bokitinsa a layi kamar yadda ya ga an yi.

Doña Nicanora ƙatuwar mace ce, hannayenta fari fat da ƙullu har gwiwar hannu, kuma injin ya koya mata magana da ihu. Da layi ya zo kansa ta ɗaga murfin ta ga wayam.

"Ina masarar?"

"Ƙullu na zo saye. Irin wanda mai bokitin nan ke saye."

"Oti? Oti ba ta taɓa sayen ƙullu a wajena ba. Ina take? Ta aiko ka ba ta gaya maka komai ba? Ce mata in ji ni ta tsufa."

"Ta rasu," in ji shi.

Ba ta ji ba saboda ƙara, ta kara hannu a kunne. Dole ya sake faɗa da ƙarfi, a gaban matan nan duka, maganar da tun ranar bai furta da bakinsa ba. Nicanora ta miƙa hannu ta kashe injin, abin da ba ta yi in akwai layi ko da wuta ce ta kama maƙwabta. Wurin ya yi shiru. Wadda ta yi maganar yaji ta rufe bakinta da mayafi.

Nicanora ta zaunar da shi a kan benci ta yi masa bayani, tana yi tana jan hanci. Otilia masararta take kawowa, shuɗiyar masarar gonar yayanta Fidencio da ke gindin Malinche. Takan dafa ta tun da yamma da kal, farar hodar dutsen nan, ta bar ta ta kwana a ruwan, ta wanke, ta kawo markaɗe. Ita Nicanora aikinta kawai ta sassauta dutse don kada ya yi laushi da yawa. Bara Fidencio ya mutu, 'ya'yansa suka sayar da gonar suka tsallaka Amurka, yanzu bulo ake bugawa a wurin. Otilia ta gaya mata buhu ɗaya ya rage mata a duniya, tana tattalinsa, ba ta taɓa shi sai da babban dalili. In dai yana son ƙullun Oti, ya koma gida ya nemi buhun nan.

Melitón ya miƙe zumbur. Ya san buhun. Yana bayan ƙofar kicin. Tun da aka watse daga zaman makoki, talotalon da Otilia ke kiwo suka dame shi da kuka, bai san abin da take ba su ba, ya laluba ya ci karo da buhun masara. Safe da yamma yake watsa musu, da hannu biyu, don tausayi, yana ganin su ma marayu ne.

Bai san yadda ya kai gida ba. Ya ɗaga buhun ya ji ba nauyi. Ya zazzage shi a kwano, ya juya shi ciki waje, ya kakkaɓe ɗinkin. Bai cika kwanon ba. Sai ya shiga kejin talotalo ya durƙusa a kan gwiwarsa mai ciwo yana tsintar ƙwaya ɗai-ɗai a cikin ƙasa da kashi, tsuntsayen na zagaye shi suna jiran a watsa musu. A haka Prisca ta same shi. Ta tattare bakin zanenta ta durƙusa kusa da shi.

Ta wanke abin da suka samu, ta dafa da kal a ƙaramar tukunya. Ta ce ba zai ciyar da taro ba, amma zai yi 'yan ƙwaya kaɗan na Otilia tsantsa, a gutsura kowa ya ɗanɗana, saura a cike da na kasuwa. Ta kawo shawarar a nemo mai ƙarfin hannu ta niƙa a dutsen gida, tunda ita yatsunta sun ƙage. Melitón ya ce a'a. Inda Otilia ke kaiwa can za a kai, hannun da ke sassauta mata dutse shi zai sassauta.

Nicanora ma da ta ga kwanon ta girgiza kai. Ta ce ya yi kaɗan, dutsen inji yana da ciki, ba ya sakin na mutum sai na bayansa ya turo. Mai cikakken bokiti ba ya ganin asarar, amma wannan dutse zai shanye shi. Ya ce ta dai zuba. Tsohon direba ne, ya saba in ya ce a tafi a tafi. Ta dube shi, ta dubi layin, ta sassauta dutse, ta juye.

Yana tsaye riƙe da koren bokiti a bakin injin. Abin da ya fito fari ne tas, ragowar na matar da ta riga shi. Ya jira. Injin ya ci gaba da juyawa babu abin da ke fitowa. Nicanora ta jawo bokitin da ke bin nasa ta fara zubawa a hankali, hannunta a shirye don ta tare shuɗin in ya fito. Bai fito a dunƙule ba. Ya fito a shafe cikin farin ƙullun wata, zare-zare, launin toka, nan kaɗan can kaɗan, tun daga farkon bokitin har ƙarshensa. Babu yadda za a yi a tsince shi.

Mai ƙullun wata matashiya ce da jariri a goye, ba ta ma san Otilia ba. Nicanora ta raɗa mata magana a kunne. Matar ta dubi tsohon, ta bar masa ƙullunta kaf a cikin koren bokitin, ta ɗauki nata wayam ta fita. Ya so ya yi mata godiya, amma kafin ya haɗa kalmomin ta tsallaka titi.

A gida Prisca ta zuba man alade ta yi ta bugun ƙullun har ya yi sauƙi, ta jefa ɗan kaɗan a kofin ruwa ya taso sama. Kafin nan ɗan zaren shuɗin ya ɓace gaba ɗaya. Ta ce kada ya damu, yana ciki. Ta koya masa naɗi, ya yi ta ɓatawa tana warwarewa. Da za a ɗora madambaci ta kore shi daga kicin, ta ce tamal ba ya nuna in mai baƙin ciki na tsaye a kansa. Ya tambaye ta ita fa? Ta ce ita ta iya ɓoyewa.

Ranar Kandelariya bayan an taso daga coci, duk waɗanda suka ci burodin Sarakuna suka zo, har da waɗanda ba su ci ba. Nicanora ma ta rufe inji ta zo da hannayenta a wanke, da ƙyar aka gane ta. Aka jera kujeru a tsakar gida ƙarƙashin igiyar shanya, aka zuba kunu mai zafi, aka raba tamal. Da farko ana ci a hankali, sannan hira ta ɓarke kamar yadda take ɓarkewa duk inda abinci ya yi daɗi. Prisca ta ce ta rantse da Allah in ka rufe ido na Otilia ne sak, masarar Malinche ko ƙwaya ɗaya ce sai ta nuna kanta. Maƙwabciyar da ta hango Otilia ta katanga ranar da ta faɗi ta ce a dai faɗi gaskiya, ya yi daɗi, amma na Oti ya fi ƙamshi, yana da wani ɗan zaƙi a ƙarshe. Nicanora ta ce tsakin ne bai kai ba. Musu ya yi musu, har Prisca ta ɗaga hannu ta ce a tsaya, ga alƙali nan zaune.

"Kompadre, kai ka fi kowa cin sa a duniya. Raba mana gardama. Ya yi kamar nata ko bai yi ba?"

Kowa ya juyo. Melitón ya warware ɓawon, ya gutsura, ya sa a baki. Ya tauna a hankali, ya daɗe yana taunawa. A idon zuciyarsa yana iya ganin shuɗin nata, yana iya ganin tururi na tashi, da hannunta tana ajiye masa faranti ta juya ta koma kicin. Ya nemi ɗanɗanon a bakinsa, ya nema a ransa, ya rasa. Ya ci abin nan sau ba adadi, kuma kullum hankalinsa na wani wuri.

"Ban sani ba," in ji shi.

Prisca ta ɗauka bai ji tambayar ba, ta fara maimaitawa.

"Na ji ki, komadre. Ban sani ba. Ban taɓa tsayawa na ji ba."

Ya mayar da ragowar cikin ɓawon ya naɗe da kyau, yana riƙe da shi a hannu har ya huce, har mutane suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya.